“Allah ya isa” ko “sai na rama”? Abin da maƙwabtanmu Kirista ke koyarwa game da ramuwa



Akwai maganganu biyu da kowane ɗan Adar ya tashi yana ji, sau da yawa ma daga baki guda. Ta farko ita ce “Allah ya isa”. Ta biyu kuwa, “rama cuta ga macuci ibada ne”. Mai faɗin ta farko ya ɗauke hannunsa, ya kai ƙara inda ba a karɓar cin hanci. Mai faɗin ta biyu sanda yake nema, har yana sa ran lada. In ana zaune lafiya ba wanda ke damuwa da saɓanin da ke tsakaninsu. Sai ranar da anka shigo da gawa cikin gari, ran nan ake gane wacce ke riƙe da zuciyarmu.

Da gangan na zaɓi wanga lokaci. An yanke gero ana ɗaure damma, dawa da wake ba su gama barin gona ba, dabbobin da sunka yi damina a Azawak kuma sun kamo hanyar kudu ta Abalak da Tabalak, za su ratsa ƙasar Keita da Tawa da Buza. Daga Oktoba zuwa Disamba, saniya guda da ta ƙwace wa yaro cikin dare ta isa ta tada gari. Ɓarnar gona dai ana iya auna ta a biya. Abin da ke cinye mu shi ne abin da ke biyo bayan ɓarnar.

Ku tuna da Bangi, cikin gundumar Madawa, nan jiharmu. Ranar 1 ga Nuwamba 2016 dabbobi sunka shiga gona, faɗa ya kaure, mai gonar ya rasa ransa. Kafin a shawo kan lamarin an afka wa Fulanin da ke zaune kusa, an ƙona gidaje. Gomnati ta ƙidaya mutum 18 da sunka mutu da 43 da sunka jikkata, kuma cikin mamatan har da mata da yara. Iyayenmu kuma suna tune da Toda, cikin jihar Maraɗi, ƙarshen Oktoba 1991, lokacin ana zaman babban taron ƙasa a Yamai. Fiye da mutum 100 anka kashe, mafi yawansu matan Fulani da yaransu, kuma tushen abin rikicin gona ne.

Ku duba da kyau waɗanda ke mutuwa a irin wanga hali. Yaron goye ba ya kora saniya cikin gonar kowa. Tsohuwar da ke cikin bukka ba ta riƙe takobi. Wanda ya yi laifin yakan tsere tun da wuri, shi kuwa fushi ba ya komawa gida hannu banza, sai ya faɗa wa wanda ya tarar. Shi ya sa Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Muna faɗin karin maganar kamar kirari, alhali gargaɗi ce.

Yau ina so mu leƙa gidan maƙwabta mu ji abin da suke koyarwa game da wagga magana. Ni Musulmi ne kamar mafi yawanku, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, amma ba baƙi ba ne. Asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950, ƴan Adar nawa ne anka yi wa magani can? Cocin Katolika na nan Tawa yana ƙarƙashin bishop na Maraɗi. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, da harshen da nake rubutu yanzu da yawansu ke addu'a. Lakwal guda munka yi da su, fada guda muke zama, shayi guda muke sha, amma kaɗan ne cikinmu sunka taɓa tambayar abokinsu Kirista: in an cuce ku, mi addininku ya ce ku yi?

An yi musu wagga tambaya da wuta a watan Janairun 2015. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) ranar 14 ga wata, kwana uku bayan shugaba Mahamadou Issoufou ya shiga jerin gwanon Paris. Ran Juma'a 16 ga wata Damagaram ta kama, ran Asabar sai Yamai. Hukuma ta ce mutum 10 sun mutu, ƴan sanda kuma sun ƙidaya majami'u 45 da anka ƙona a Yamai kaɗai. Ɓacin ran Musulmi kan zanen na gaskiya ne, ba mai musun wannan. To amma paston unguwa a Yamai ba shi ya yi zanen ba, watakila ma bai taɓa ganin jaridar da idonsa ba. Irin ta Toda ce anka yi da wani suna: wani ya yi laifi can nesa, na kusa ya biya. Akwai Musulmi da yawa da sunka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗakunansu ran nan, kada mu manta da su. Bayan wuta ta mutu, shugabannin Katolika da na sauran majami'u kira sunka yi ga mabiyansu da su yafe. Babu masallaci ko ɗaya da anka taɓa da sunan ramuwa.

Na san amsar da wasu za su ba ni a fada: “Ai tsoro ne, su nawa ne da za su rama?” Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, marar ƙarfi zaɓinsa kaɗan ne. Sai dai tsoro hannu kawai yake ɗaurewa. Ba ya sa baki ya ce na yafe, ba ya sa mutum ya ci gaba da buɗe ƙofar asibitinsa da makarantarsa ga kowa. Akwai koyarwa a bayan abin, kuma duwatsu uku gare ta kamar murhu. In ka cire guda tukunya ta kife.

Dutse na farko: ramuwa ta Allah ce. A wasiƙar da Bulus ya rubuta wa Kiristan birnin Roma wajen shekara ta 57, zamanin sarki Nero, cikin sura 12, ya hana su ɗaukar wa kansu fansa, ya ce su bar wa fushin Allah wuri. Hujjarsa daga Attaura ya ɗauko ta, Maimaitawar Shari'a sura 32, inda Allah ya keɓe wa kansa ramuwa da sakayya. Ku lura, koyarwar ba ta ce zalunci ƙaramin abu ne ba, ba ta ce a yi kamar ba a yi ba. Cewa ta yi bashin yana nan rubuce, za a biya shi har dala ta ƙarshe, amma ba kai ne mai karɓo shi ba. Mai ramuwa a fahimtarsu laifinsa biyu: ya cuci mutum, ya kuma hau kujerar da ba tasa ba, kamar mai cewa Allah ya yi jinkiri bari ni in yi masa aikin. A Linjila ta Luka sura 9, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar Yesu, wato Annabi Isa a wurinmu. Almajiransa biyu, Yakubu da Yahaya, sunka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ya juya ya tsawata musu, sunka wuce ƙauye na gaba.

Dalilan wanga hani, ko wanda ba ruwansa da addini zai gane su. Ba ka san komi ba: labarin da ya iso ka cikin dare rabi ne, wani lokaci ma ƙarya. Kai mai ƙara ne, kuma ba kotun da mai ƙara ke zama alƙali. Sannan fushi ba ya da tiya, ba ya auna daidai. A littafin Farawa sura 4 akwai wani Lamek, jikan jikokin Kayinu, wanda ya yi wa matansa alfahari cewa ya kashe mutum don ya ji masa rauni, kuma ramuwarsa ninki 77 ce. A Matiyu sura 18, da Bitrus ya tambaya ko yafiya sau bakwai ta isa, Yesu ya ba shi adadin da ke tuno da na Lamek, 77 ko bakwai sau saba'in gwargwadon fassara. Lissafin da anka yi wa ramuwa shi anka juya wa gafara.

Akwai labari guda a littafinsu da ya yi kama da namu ƙwarai, don labarin makiyaya ne, kuma ina kawo shi yadda yake a can, 1 Sama'ila sura 25. Nabal attajiri ne mai tumaki 3000 da awaki 1000 a Karmel. Dauda, tun bai zama sarki ba, yana daji da mutanensa, sun daɗe suna tsare makiyayan Nabal, ko ɗan akuya bai ɓace ba. Ranar shagalin askin tumaki ya aika a roƙo musu abinci, Nabal ya kori ƴan aiken da zagi. Dauda ya ce kowa ya rataya takobi, ya kama hanya da mutum wajen 400, ya rantse ba namijin da zai kai safe a gidan. Zagi guda ne fa, daga bakin mutum guda, amma hukuncin na dukan mazan gida. Matar Nabal, Abigel, ta labta wa jakuna gurasa 200 da tumaki biyar gyararru da sauran guzuri, ta tare shi a hanya. Ta ba shi haƙuri, ta tuna masa cewa ranar da mulki ya zo hannunsa ba zai so jinin da ya zubar a banza ya riƙa cin zuciyarsa ba. Dauda ya gode wa Allah da ya aiko ta, ya juya. Bayan kamar kwana goma Nabal ya mutu ba hannun kowa. Abin da na ɗauka a nan shi ne, tsakanin fushi da gawa akwai ƴar tazara, kuma mutum guda mai hankali da ya tsaya cikinta ya isa.

Dutse na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa: hukuma. Sura 12 ta Romawa ta ƙwace takobi daga hannun mai fushi, sura 13 da ke biye ta ce mai mulki ba banza yake riƙe da takobi ba, ma'aikacin Allah ne don hukunta mai mugunta. Wato barin wa Allah ba ya nufin a jira lahira kawai, shari'a ta duniya tana cikin hanyoyin da sakayyar ke bi. Dokar ido a bakin ido da ke cikin Attaura, malamansu sun ce alƙalai anka ba, kuma iyaka ce: ido ɗaya, ba kai gaba ɗaya ba. Littafin Ƙidaya sura 35 ya ware birane shida na mafaka, inda wanda ya yi kisa ba da niyya ba zai gudu, dangin mamaci ba su da ikon taɓa shi sai an yi shari'a, kuma shaidar mutum guda ba ta isa a kashe kowa. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana kashe ɗa don laifin uba ko uba don laifin ɗa. Bulus kansa bai kasance mai haɗiye zalunci ba. A Filibi, da anka doke shi anka kulle ba shari'a, washegari anka ce ya fita a ɓoye, ya ƙi, ya ce sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu. Daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Bai rama ba, bai kuma yi shiru ba.

Dutse na uku shi ya fi nauyi: kyautata wa maƙiyi. Sura 12 ɗin nan ta ce in yana jin yunwa a ba shi abinci, in ƙishirwa a ba shi ruwa. Kirista sun gaskata an gicciye Yesu, kuma yana bisa gicciyen ya roƙa wa masu kashe shi gafara. A nan aƙidarmu ta Musulmi daban take, amma sai an faɗi hakan za a gane su: wanda ya ɗauka cewa shi kansa bashi anka yafe masa, da wuya ya shaƙe wuyan wani don nasa bashin. Kuma ba a hana su kuka ba. Zabura cike take da addu'o'in waɗanda anka zalunta, masu zafi ƙwarai, suna kiran Allah ya tashi ya yi hukunci. Fushin yana da inda ake kai shi. Limamin Katolikan nan ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, da anka sace a Bomoanga cikin jihar Tillaberi a Satumban 2018, ya yi shekara biyu a hannun ƴan bindiga, da ya fito ya ce ya yafe musu.

A nan ne “Allah ya isa” tamu ke buƙatar bincike. Sau nawa muke faɗin ta da nufin mun miƙa ƙara, sau nawa kuma muke faɗin ta kamar mun aiki Allah ya je ya karya mana ƙafar wane? A labarin Yunusa yadda yake a littafinsu, mutanen Nineba sun tuba, Allah ya ɗauke musu azaba, Yunusa ya fita bayan gari yana fushi don ba a hallaka su ba. Darasin da suke cirowa shi ne, in ka kai wa alƙali ƙara ba kai za ka rubuta masa hukunci ba. Mai yiwuwa ya kama macucin, mai yiwuwa ya shirye shi. Wanda bai yarda da na biyun ba, bai saki sandar ba tukuna, ɓoye ta ya yi.

Kada kowa ya ɗauka ina cewa Kirista ba sa ramuwa. Aya a littafi daban, aiki da ita daban. A Yelwa ta jihar Filato a Najeriya, ranar 24 ga Fabrairu 2004, an kashe Kirista fiye da 70, da yawansu cikin harabar coci. Ranakun 2 da 3 ga Mayu mayaƙa daga garuruwan Kirista na kewaye sunka afka wa garin, anka kashe Musulmi fiye da 600. Ran 11 da 12 ga Mayu Kano ta rama, fiye da mutum 200 sunka tafi, mutanen da ba su taɓa taka Yelwa ba. Sai da Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Kowane ɓangare yana da littafin da ya hana shi, kowane ɓangare ya ajiye shi ya ɗauki adda.

Cikin waɗanda sunka shiga tsakani har anka sa hannu kan sulhun Yelwa da Shendam a 2005 akwai Imam Muhammad Ashafa da Pasto James Wuye na Kaduna. A rikicin 1992 su biyun jagororin matasa ne masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da ƴan uwansa biyu. Kowanensu yana da dalilin ramuwa da ya fi na yawancinmu. Sun haɗu a 1995, sunka kafa cibiyar sulhu tare, kuma kowanensu cikin addininsa ya samo abin da ya sa ya sauke.

Don mu ma ba mu rasa ba. Ƙisasi a Musulunci rai ne a bakin rai, na wanda ya yi kisan, a hannun alƙali da hukuma bayan shaida, ba a hannun taron gari ba. Ayar Baƙara da ta kawo shi ita ta buɗe ƙofar afuwa da diyya. Suratu Shura ta ce sakamakon cuta daidai da ita ne, wanda ya yafe ya gyara kuwa ladansa na wurin Allah. Alƙur'ani ya maimaita cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. A huɗubar bankwana Annabi (SAW) ya soke bashin jinin jahiliyya, ya fara da jinin danginsa. To “rama cuta ga macuci ibada ne” daga wane littafi ta fito? Ko da an yarda da ita, macuci ta ce. Ba ta ce matarsa ba, ba ta ce ƙabilarsa ba.

Yanzu ga inda nake so masu mulki su buɗe kunne. Wa'azin haƙuri yana da haɗari in anka cire dutse na biyu. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga bisa babura sunka shiga Intazayen da Bakorat da Wistan, cikin gundumar Tillia, nan arewacinmu. Gomnati ta ce mutum 137 anka kashe, anka yi makokin kwana uku. Je ka ce wa saurayin da ya binne ubansa da ƙannensa ran nan ya bar wa Allah, ka tsaya nan ba ka ƙara komi ba. Zagi ne. In ba bincike, ba shari'a, ba tsaro, wani zai zo da babur da bindiga ya ce masa ga hanyar ramuwa, kuma da irin wanga ciwo ƙungiyoyin ƴan bindiga ke ɗaukar mayaƙa a iyakarmu da Mali, kowane ɓangare yana cewa shi anka fara taɓawa. A Luka sura 18 akwai misalin gwauruwar da ta dami azzalumin alƙali da zarya har ya gaji ya bi mata hakkinta. Ita ma ta bar wa Allah, amma kullum tana bakin kotu.

Hukuma ma tana iya yin ramuwar gayya, kuma tata ta fi muni. A watan Mayun 1990, bayan farmakin da wasu matasan Abzinawa sunka kai a Cintabaraden, martanin soja ya faɗa kan fararen hula. Abin da ya biyo baya tawaye ne da ya ɗauki shekaru, har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Takobin da Bulus ya ce yana hannun mai mulki na hukunta mai laifi ne bayan shari'a. Haka kuma yafiyar wanda anka cuta ba ta ɗauke wa kotu aikinta. Paparoma John Paul na biyu ya je har kurkuku a Disamban 1983 ya zauna da Mehmet Ali Agca, wanda ya harbe shi a 1981, ya yafe masa. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zama gidan kaso a Italiya har shekara ta 2000. Zuciya ta yi nata, shari'a ta yi nata.

To mi muke nema a wagga kaka?

Mu matasa, wayar da ke hannunmu ita ce gangar yaƙin yanzu. Saƙon murya a WhatsApp mai cewa “sun kashe mana mutum”, da hoton gawar da ba a san inda anka ɗauke shi ba, sun fi babur sauri. In ya iso ka, ya mutu a wayarka. In ka san wanda ya yi laifi, faɗi sunansa ga mai gari ko jandarma. Kada ka faɗi sunan ƙabilarsa a dandali, don daga ranar da “wane” ya koma “su wane”, an yanke wa yaron goye hukunci.

Sarakunan gargajiya, na gari da na ruga, da kwamitocin filaye da ake kira Kofo: dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ba ku aiki. A sanar da ranar sakin gonaki tun da wuri a gidajen rediyon karkara, da Hausa da Fulatanci da Tamajek. A buɗe burtalin da anka nome da hanyoyin mashaya. In an yi ɓarna a je a auna tun sawun dabba bai goge ba, a biya a gaban shaidu. Manomin da ya san za a biya shi cikin mako ba ya neman adda, makiyayin da ya san ba za a tatse shi fiye da ƙima ba shi ma ba ya gudu.

Alƙalai: shari'ar kisa da ta kwana shekaru cikin kundi, ramuwa take renon. A yi ta a fili, a gaya wa dangin mamaci inda ta kwana. Akwai hukumar agajin shari'a ta ANAJJ da anka kafa tun 2011 don talakan da ba ya da kuɗin lauya, ya kamata mutumin ƙauye ya san da ita.

Limamai da pastoci: huɗubar wanga wata ta taɓo maganar. Kuma in za ku ce wa mutum ya yi haƙuri, ku ɗauki sandarku ku raka shi wurin hukuma, ku koma tare da shi in anka ce ya dawo gobe. Mu ma ƴan ƙungiyoyin farar hula wannan ne rabonmu: mu rubuta abin da ya faru da sunaye da ranaku, mu yi zaryar gwauruwar nan tare da iyalan, mu kuma zama masu tare hanya ranar da gari ya rataya takobi.

Zama da ɗan uwanka a ƙasa, ga adda kusa da hannu, abokai na zuga ka, ka ce a'a sai kotu, wannan ya fi bin taro wuya nesa ba kusa ba. Wanda ya iya shi ba rago ba ne. Maƙwabtanmu sun nuna ana iyawa a 2015, addininmu ma bai bar mu ba hujja ba. In za mu ce “Allah ya isa”, mu faɗe ta da gaske: hannu a sauke, ƙafa a hanyar shari'a.

Allah ya ba mu kaka lafiya, ya sauki dabbobi lafiya, ya jiƙan waɗanda munka rasa.